Wake a Kwalba

A Valparaíso gidaje kan juna suke hawa,
kamar yara masu leƙen jirgin ruwa ta kan katanga.
Nan aka ɗauke ni aikin ƙirga mutane.

Ƙungiyoyi bakwai ne, babu mai cin riba a cikinsu,
sai dai cin bashi.
Shekara da shekaru gidauniya na yi musu tambaya ɗaya:
mutum nawa ke zuwa, kuma daga ina?
Kowa sai ya sosa ƙeya.

Eliana ta gidan wasan 'yar tsana
wake take jefawa a kwalba, ƙwaya ɗaya mutum ɗaya,
ranar da babu cefane kuma
sai ta dafa 'yan kallon watan jiya.
Aurelio mai koya wa yara goge
kujeru yake shafawa bayan an tashi, ya ƙirga masu ɗumi.
Ɗakin tarihin masunta littafi gare su,
gishirin teku ya cinye rabinsa.

Sai suka rubuta takarda ɗaya, hannu bakwai a ƙasanta.
Ba su roƙi labule ba, ko fitila,
ko gyaran rufin da ke yoyo a kan gogen yara.
Suka ce: kuɗin ƙirga muke so.
Gidauniya ta yi wata biyar tana tauna maganar
kafin ta ba da na wata goma sha takwas:
albashina, kwamfuta ɗaya, da fom mai tambaya shida.

Mako uku muka yi muna gardama kan kalmar "zuwa".
Wanda ya raɓe a ƙofa yana fakewa ruwa, ya zo?
Jaririn da ya yi barci daga farko har ƙarshe fa?
Nélida ta ce a sa shi, ai ya ji kiɗan a mafarki.
Muka sa shi.

Da alƙaluma suka haɗu wuri guda
sai suka fara tona asiri.
Ashe Baltasar, tsohon ɗan dakon bakin teku,
kowa nasa yake ƙirga shi,
sau bakwai a mako, mutum ɗaya da hula ɗaya.
Irinsa sun kai arba'in.
Jimillarmu ta rame a dare guda,
Eliana ta yi kwana biyu ba ta amsa gaisuwata ba.

Amma ga abin da kwalba ɗaya ba ta iya hangowa:
a taswira, unguwannin can ƙololuwar tudu fari fat suke,
ko ɗigo babu.
Na hau da ƙafata, na tambayi mai gasa burodi.
Ta ce ba ƙin wasa muke ba, 'yar nan.
Motar ƙarshe mai hawowa tara da kwata take tashi,
ku kuma sai tara da rabi kuke sauke labule.

Minti goma sha biyar.
Shi ne ramin da ke tsakaninmu tun ban san haruffa ba.

Aka dawo da wasa ƙarfe bakwai.
Asabar ta farko mata goma sha ɗaya suka gangaro,
da 'ya'ya, da bargo, da wata kaka mai sanda.
Wata yarinya ta tsaya bayan kowa ya fita
tana tambaya ko 'yar tsanar na numfashi a cikin akwati.
Na duba fom ɗina sama da ƙasa,
babu gurbin da zan rubuta wannan.

Saura wata huɗu kuɗin su ƙare.
Na aika rahoto, ban san me za su ce ba.
Eliana na cike fom yanzu, da tabarau a kan hanci,
amma kwalbar na nan gefen ƙofa.
Ta ce kwamfuta shiru take yi idan mutum ya shigo,
wake kuwa yakan ce ƙwal.